Mazarƙwaila a Tukunyar Kaza

Ranar da Sagiru ya ce in ara masa murhuna
na ɗauka ruwan wanka zai ɗora.
Sai ga kazata wake-waken nan a hannunsa,
Liti ya yanka, an fige, an babbake.

Wata tara ya yi wajen masu shinkafa,
koyon dashe, in ji ofishin gona,
rabi a Biyetnam, rabi a Japan.
Ya dawo Auyo a rame,
da wata kwalba da ta fashe a jaka
ta rine masa farar shadda.
Ruwan waken soya ne, wai,
da shi ake komai a can.

To, babu shi. Ya tsaya yana sosa ƙeya.
Na ce, waken da ya ruɓa kake nema?
Buɗe ƙwaryar can,
daddawar Hansatu ce, ta waken soya.
Ya sansana, ya lumshe ido,
ya ce, Inna, ai 'yar uwarsa ce.

Ruwan kifin mutanen Biyetnam kuma
da kan tarwaɗa banda ya haɗa shi,
har kyanwar maƙwabta ta zo ta tsare ƙofa.
Ya tumɓuko ciyawar shayi a bayan randa,
wadda nake dafa wa mai mura,
ya daka gindinta da ɗanyar citta da tafarnuwa.
Har nan ban ce uffan ba.

Sai da ya jefa mazarƙwaila a busasshiyar tukunya.
Na miƙe.
Nama za ka dafa ko alewa?
Shekara arba'in ina gaban wuta
ban ga inda kaza ta haɗa hanya da rake ba.
Ya ce, bari ta yi launin dabino.
Ya janye itace biyu, wuta ta kwanta.
Nama ya shiga, tukunya ta ja tsaki.

Wata tsohuwa ta koya masa rabin farko,
mai rumfa a bakin kogi.
Ba ta jin yarensa, ba ya jin nata,
da ludayi take buge masa hannu in ya yi garaje.
Shafe naman har ya yi sheƙi kuwa
wani malaminsu ne mai furfura a Japan.
Su biyun ba su san juna ba.
A tukunyata suka gaisa,
ni da ban taɓa wuce Kano ba.

Da romo ya tsane ya kama jikin nama
sai ya nemi riɗi.
Ya soya cikin tafi a kasko, ya barbaɗa,
ya ce, Inna, na ga irinsa a teburinsu,
har da namu jirgin ruwa ke kai musu.
Na tuna Malam, Allah ya jiƙansa,
yana kaɗe riɗi a kan shimfiɗa da hantsi,
yana mitar farashin dillalan Maigatari,
bai san inda guminsa ke kwana ba.
Na ce hayaƙi ne ya shigar mini ido.
Itacen kuwa busasshe ne.

Ya feƙe tsinke biyu, wai da su ake ci.
Liti ya gwada, cinya ta yi tsalle,
kyanwa ta karɓi ladan jiranta.
Ni dai na wanke hannuna
na cusa cikin shinkafar fadamarmu.
Zaƙi ya yi sallama, gishiri ya amsa,
citta ta biyo baya tana ɗumama maƙogwaro,
daddawa can ƙasa,
kamar tarin wani naka a ɗakin kusa.

Ya zuba mini ido.
Na ce, barkono ya yi kaɗan.

Ran kasuwa na aiki Liti sayen gishiri,
na ƙara masa kuɗin mazarƙwaila curi guda.
Na ce in yayansa ya tambaya
ya ce ta koko ce.